Kafin Ka Sayi Dashe, Duba Kututturan Gonarka

Tambaya: Malam, duk damina muna karɓo dashe muna sa wa a gona, amma kafin bazara ta ƙare sun bushe. Ƙasar ma ta fara zama faƙo. Me za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, zaga gonarka tukuna. Sabara, kalgo, geza, magarya da aduwar da kake sassabewa kana ƙonawa lokacin sharar gona, itatuwa ne masu rai. Saiwarsu ta daɗe da kaiwa ga laima, abin da dashen leda ba ya samu a damina ɗaya. Shi ya sa suke sake tohowa komai saran da suka sha.

Zaɓi kututturen da kake so. A cikin tohonsa, bar uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Wasa addarka sosai, ka yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Rage ƙananan rassa zuwa rabin tsayin sandar, kada ka yi mata ƙwal. Ɗaura jan tsumma domin 'yan ƙwadago su san da gangan aka bari. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Abin da ka sare ya zama itacen girki, ganyen kuma ka bar shi a ƙasa, gara za ta mayar da shi taki.

Da wannan dabara manoman Maraɗi suka soma a 1983 tare da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa su ba.

Tambaya: Inuwa ba za ta kashe mini gero ba?

Amsa: Ya danganta da icen. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne. Dubi geron da ke gindinsa ka gwada da na fili. Idan ka ga ɗan gawo ya fito, ka kewaye shi da ƙaya. Sauran itatuwa kuwa a rage masu rassa kafin shuka. Turare dai ban ba ka shawarar sa shi cikin gona ko bakin fadama ba, shan ruwansa ya yi yawa.

Tambaya: Awaki da masu saran dare fa?

Amsa: Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ku je wurin mai gari, a kira makiyaya da mata masu neman itace, a yanke cewa duk ice na mai gonar ne, a bar burtali a buɗe, a hana cinna wa daji wuta. Makiyayi da ya san zai sami 'ya'yan gawo da na kalgo da rani, shi ma zai taya ku tsaro.