Amsa ga ƙanena mai son zuwa Kanada ta hanyar gasar Canadian Bowl

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci tambayarka. Ka ce shekarunka ashirin, Allah ya ba ka tsawo da ƙarfi, kuma wani dillali ya gaya maka cewa a Kanada akwai gasar matasa ta ƙasa ta ƙwallon nan mai kama da zari-ruga, wadda idan ƙungiya ta ɗauke ka za ta samo maka biza, ta biya ka albashi, ta kuma kai ka babbar gasar ƙwararru. Gasar tana nan, sunan kofinta Canadian Bowl, kuma ni da nake zaune a Saskatoon ina cikin garin da ya fi kowane gari ɗaga shi. Amma idan ka san tarihinta, za ka gane da kanka cewa abin da aka faɗa maka ba shi ne abin da aka kafa ta dominsa ba.

Tun farkon ƙarni na 20 ake fitar da zakaran matasa a wannan wasa, da farko tsakanin ƙungiyoyin gabashin ƙasar, kafin na yamma su shigo a shekarun 1920. An daɗe ana kiran kofin da sunan Leader-Post, wata jarida ta birnin Regina, sannan a tsakiyar shekarun 1970 ya koma Armadale, kuma daga 1989 ne aka fara kiran wasan ƙarshe da sunan da ka sani yanzu. Hukumar da ke gudanar da gasar, wato CJFL, tana da shiyyoyi uku: British Columbia, da lardunan tsakiya masu shimfiɗaɗɗun gonaki, da Ontario. 'Yan wasanta matasa ne daga shekara 17 zuwa 22, ana farawa a watan Yuli ko Agusta, a buga wasan ƙarshe a watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya riga ya kankama. Ka kuma lura cewa ba wasan Amurka ba ne sak: a nan mutum 12 ne a kowane ɓangare maimakon 11, filin yadi 110 ne maimakon 100, kuma dama uku ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, ba huɗu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a tarihin gasar shi ne yadda lardi guda mai ƙarancin jama'a, wato Saskatchewan, ya mamaye ta. Regina Rams ta ci kofin sau 15 kafin ta haɗe da Jami'ar Regina a 1999 ta koma gasar jami'o'i. Saskatoon Hilltops, wadda aka kafa a 1947, ta fara cin kofin a 1953, ta ci shi sama da sau 20, ciki har da shida a jere daga 2014 zuwa 2019 a ƙarƙashin koci Tom Sargeant. Annobar korona ce ta hana a buga gasar a 2020, sai Langley Rams ta ci a 2021, Okanagan Sun ta ci a 2022, Hilltops ta sake karɓewa a 2023. Dalilin wannan rinjaye ba kuɗi ba ne, ba kuma sayo 'yan wasa daga waje ba. Yaran lardin ne, na birni da na ƙauyukan manoma, waɗanda suka fara wasan tun suna ƙanana, suka buga a sakandare, suka taso suna ganin yayyensu da iyayensu maza sanye da rigar ƙungiyar. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da yawancin harkokinta, tsofaffin 'yan wasa da 'yan kasuwar gari ne ke tara kuɗin tafiye-tafiye da tallafin karatu. Ina ganin wannan abu da ƙima ƙwarai, kuma shi ya sa nake jin zafi idan wani ya mai da sunan gasar hajar da zai yaudari matasanmu da ita.

Ɗan wasan wannan gasa ba ya karɓar albashi. Da rana yana aji ko yana wurin aiki, da yamma ya je atisaye, kuma galibi shi ke neman wurin kwanansa da abincinsa. Ƙungiyar ba makaranta ba ce, don haka ba ta da ikon ba ka takardar gurbin karatu da hukumar shige da fice ke nema, kuma ba ma'aikata ba ce da za ta nema maka izinin aiki a matsayin ɗan wasa. Ko St. Clair Saints ta birnin Windsor, wadda ta ci kofin 2024 kuma take haɗe da kwaleji, sai kwalejin ta ba mutum gurbi bisa takardunsa na karatu.

Na san dillalin zai iya kawo maka misalin Andrew Harris, domin shi ne abin alfaharin gasar. Gaskiya ne bai bi ta jami'a ba: ya ci kofin nan sau uku da Vancouver Island Raiders a 2006 da 2008 da 2009, daga nan BC Lions, ƙungiya a CFL, wato babbar gasar ƙwararru ta Kanada, ta ɗauke shi, ya kuma ci kofin Grey, babban kofin wannan gasa, sau huɗu. Sai dai Harris haifaffen Winnipeg ne, ba ya buƙatar biza, kuma ya shiga gasar ne da shekaru na gogewa a wasan. Babbar gasar CFL kanta ƙungiyoyi tara kacal gare ta, guraben kaɗan ne, masu nemansu kuwa daga jami'o'in Kanada da na Amurka suke fitowa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Israel Idonije, wanda aka haifa a Legas, iyayensa suka kawo shi lardin Manitoba yana yaro, ya buga wa Jami'ar Manitoba, daga bisani ya yi shekaru a Chicago Bears, ƙungiyar ƙwararru ta Amurka. Shi ma zama a ƙasar da makaranta ne suka zo da farko, wasan ya biyo baya.

Saboda haka shawarata ita ce ka nemi zuwa a matsayin ɗalibi, idan hali ya ba ka. Za ka buƙaci gurbi daga makarantar da gwamnati ta amince ta karɓi ɗaliban waje, kuma ka sani cewa tun Janairun 2024 Kanada ta taƙaita yawan izinin karatun da take bayarwa, ta ƙara sharaɗin takardar shaida daga lardi, ta kuma ɗaga kuɗin zaman da ake so ka nuna daga dala 10,000 zuwa dala 20,635 na Kanada, ban da kuɗin makaranta, sannan an sake ɗaga shi bayan haka. Aikin da aka halatta wa ɗalibi a wajen makaranta awa 24 ne a mako lokacin karatu, wanda da wuya ya ɗauki haya da abinci gaba ɗaya, balle a haɗa shi da atisayen yamma.

Idan Allah ya kawo ka, ka zauna da ƙafafunka, kuma har yanzu shekarunka ba su wuce 22 ba, babu laifi ka je gwajin da ƙungiyoyin ke yi kafin kakar wasa ta fara, bayan ka rubuta musu sun tabbatar maka da sharuɗɗansu kan wanda ba ɗan ƙasa ba. Kafin nan, kada ka ba dillalin ko sisi, kada kuma ka miƙa masa fasfo ɗinka. Ka ce ya ba ka sunan ƙungiyar da yake magana a kai, ka turo mini, ni zan tuntuɓe su daga nan in sanar da kai abin da suka ce. Ka gaishe min da Baba da Inna.