Filin Tambaya da Amsa: Yarona ɗan shekara 6 ya nace sai an saya masa gem

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Don Allah shawara nake nema akan yarona, shekararsa 6 yana aji ɗaya a firamare. Tunda muka je hutu gidan yayata a Kaduna ya ga PlayStation wajen 'ya'yanta shikenan bamu ƙara samun sakat ba, da safe maganar gem da dare maganar gem, ashe ma Abbansa ya yi masa alƙawari ban sani ba wai in haddarsa ta kai Sabbi zai saya masa, yanzu saura surori kaɗan. Sau biyu ina aikawa a kamo min shi a shagon gem na bakin layinmu, bashi da ko kuɗin bugawa tsayawa kawai yake yana kallon manya. Abbansa ya ce gara a saya ya zauna a gida, Hajiya kuma (surukata) ta ce ba da yawunta ba abin lalata yara yake. Ni kuma ina tsakiya. Gaskiya dai nakan bashi wayata ya buga na mota in ina girki ko ƙanwarsa na rigima. Mu saya ko mu bari?

Wata uwa daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa, amin na gode. Sau biyu na karanta saƙonki kuma inda idona ya tsaya shine layin ƙarshe da kika jefa kamar ba komai ba, wai kina bashi wayarki. To ai gem ya riga ya shigo gidanki tuntuni, ta ƙofar kicin ya shigo, ke kika buɗe masa. Ba laifi nake ɗora miki ba wallahi, duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo da yaro yana jan zaninta ta san dalili.

Amma in za a bi gaskiya waya ta fi na'urar gem wuyar tsarewa. Waya tana shiga aljihu tana shiga ƙarƙashin bargo, su gem ɗin kyauta da ake saukewa a cikinta cike suke da talla, yana cikin tuƙa motarsa wata talla zata faɗo wadda ke kanki sai kin kau da kai, daga nan kuma yatsa ɗaya ne tsakaninsa da TikTok ko abin da ƙawaye suka turo miki a WhatsApp. Ita kuwa PlayStation sai da tibi sai da wuta, tana zaune a falo duk mai wucewa yana ganin me ake bugawa. Shi yasa ni ban cika tsoronta ba kamar yadda nake tsoron waya a hannun ɗan shekara 6.

Sai maganar alƙawari. Da kafin Abbansa ya buɗe baki kika rubuto min da na ce ku dakata sai ya kai takwas ko tara, babu abin da zai rasa. To amma an riga an faɗa, kuma an ɗaura abin akan hadda, yaro ya riƙe yana ta ƙirga surori. Alƙawari kaya ne, kuma yaro baya mantuwa da irin wannan, ranar da ya kai Sabbi ya dawo da murna aka ce masa ai wasa ake, kinga an koya masa cewa maganar uba bata da nauyi, kuma gobe in aka ce ya kai Amma a bashi keke ba zai yarda ba. Don haka ni a ganina a cika. Sai dai a gyara lafazin tun yanzu kafin na'urar ta iso: Abba zai kawo gem gida, gem ɗin NA ABBA ne, yana ara masa. Kar ki raina wannan ɗan bambancin. Abin da aka ce naka ne in an karɓe an zalunce ka, kuka da birgima sai wanda ya gani, abin aro kuwa ko yaro ya san mai shi yana iya cewa kawo.

Hajiya fa tana da gaskiyarta, kar a yi mata kallon tsohuwa bata san zamani ba. Ki tambayi kanki me yaron nan yake tsayawa kallo a shagon bakin layi. In ba ƙwallo ba, to yawanci GTA ne ko Mortal Kombat, ɗaya ana satar mota ana bindige mutane a titi ana shiga wuraren da bazan rubuta a nan ba, ɗayan kuma ana tsinke kai ana farke ciki jini na tsartuwa. Su kansu masu yin su basu ce na yara bane. A Amurka saboda jinin Mortal Kombat ɗin nan har majalisar dattawa ta zauna a 1993, shekarar da ta biyo baya aka kafa hukumar ESRB mai saka harafi a jikin kwalin gem, E na kowa da kowa, T na matasa, M na ɗan 17 zuwa sama. Na Turai kuma PEGI lamba suke sakawa, 3, 7, 12, 16, 18. GTA 18 ne, Mortal Kombat na yanzu 18 ne, Fortnite 12, Minecraft 7, Mario Kart 3. Naki yaron iyakarsa mai lamba 3 ko harafin E, in an matsa 7.

Matsalar mu a nan ita ce kwalin ma ba ganinsa ake ba. Na hannu ake saya a kasuwa, mai shago ya ce zai loda maka gem goma ko ashirin kyauta, kai kuma kana ta godiya ka samu garaɓasa, ka kawo gida baka san me ke ciki ba, shi kuma abin da samari ke so ya zuba maka. Don haka in Abbansa zai je sayowa ya tafi da sunayen da yake so a rubuce, ƙwallo (FIFA ɗin da tun 2023 sunanta ya koma EA Sports FC amma har yau kowa FIFA yake cewa, ko PES), tseren mota, Minecraft ko na Lego, ya tsaya a kunna a gabansa ya ga jerin, duk wanda bai sani ba a goge kafin ya biya kuɗi.

Wace za a saya? Ba PS5 (PlayStation 5) ba dai. Dala 499 aka sa mata lokacin da ta fito a 2020, sabon faifai ɗaya yana kai dala 70, ki juya wannan zuwa naira a canjin yau ki gani, kuma tana jan wuta wajen wat 200 in ana bugawa banda tibi, in ƙaramin sola gareku zaku ji a jikin batir. Ɗan shekara 6 bai san bambancinta da PS4 ba, wadda tun 2013 take kuma ta hannu ta cika kasuwa da masu gyaranta. Nintendo Switch ita ta fi gem ɗin ƙananan yara kuma bata cin wuta tana da batirinta, amma ana cire ta daga tibi a riƙe a hannu, kinga mun koma matsalar bargo kenan, kuma kayanta da masu gyaranta basu kai na PlayStation samuwa ba a wajenmu. Ko wacce aka saya a haɗa da sitabilaiza. Wani ɗan ƙanwata sati uku kacal tashi ta yi, aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare tana jone, da safe sai ƙauri.

A sayi hannun gem, wato abin da ake riƙewa a buga, guda biyu. Zan dawo kan wannan.

Intanet kuma kar a jona mata kwata-kwata a wannan shekarun, kuma don girman Allah kar Abbansa ya saka katin banki a ciki ya ce ai sau ɗaya ne. Ta intanet ne baƙon da baki sani ba yake magana da yaronki a kunne, ta nan ne kuma kuɗi ke zurarewa. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutanen da aka ciri kuɗinsu ba da niyyarsu ba, har da iyayen da 'ya'yansu suka yi ta danna saye da katinsu. Ita kanta ƙwallon da muke cewa lafiya lau, in an jona akwai wasu ƙunshin 'yan wasa da ake saya baka san wa zai fito maka ba sai ka buɗe, ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce wannan caca ce. In babu intanet, babu wannan duka.

To lokaci fa? Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi gaban allo sam, daga 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana, wannan ƙanwarsa ya shafa, kar ta zama 'yar kallo a gefensa. Shi mai shekara 6 lissafin ranarsa zaki yi: likitocin barci sun ce daga 6 zuwa 12 yaro na buƙatar awa 9 zuwa 12, ki cire boko, ki cire islamiyya da tilawa, aikin gida, cin abinci, ƙwallo ko langa a waje da 'yan uwansa yara wanda shi ba a taɓa shi ko don lafiyar idonsa, ki ga me ya rage. Kaɗan ne. Ni da nice, Alhamis da Juma'a da yamma tunda ba islamiyya, sai Asabar ko Lahadi in an dawo hadda, awa ɗaya ɗaya, an kira magariba an kashe. Kar ki ga kamar na tsananta, gwamnatin Sin a 2021 awa 3 kacal ta yanke wa duk ɗan ƙasa da 18 a sati na gem ɗin intanet, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare Juma'a, Asabar da Lahadi. A cikin na'urar ma akwai wajen da iyaye ke saita lokaci da lambar sirri, mai shagon ya nuna wa Abbansa, amma ni na fi yarda da a naɗe hannun gem ɗin a sa a durowar Abba a kulle.

Ga gwajin da nake so ki yi kafin ya kai Sabbi, tunda saura kwanaki. Ki sa wannan dokar akan wayarki daga gobe, sati biyu. Ki ce masa gem sai ranar kaza, minti kaza, in saura minti biyar ki faɗa masa saboda yaro ya fi jin zafin a fizge masa yana tsakiyar tsere, lokaci ya cika ki karɓa ko zai yi kukan jini. Kwana uku na farko zaki sha rigima, ki daure. Ba shi kaɗai ake gwadawa ba, har ke da Abbansa, domin gidaje da yawa da na gani ba yaron ne ya karya dokar ba, uwa ce ta yi baƙi ta ce je ka kunna ka ƙyale ni, ko uba ya dawo ya tarar ana kuka ya ce a bashi mana. In sati biyun nan ya gagare ku akan waya to na'ura ma zata gagare ku, sai Abbansa ya zaunar da shi ya ce alƙawari na nan amma sai hutun ƙarshen shekara, ya faɗi lokacin takamaimai kuma ya cika.

Abin da zaki sa wa ido bayan an saya: ya fara ƙarya don ya buga, ya daina son fita wasa, malamin islamiyya ya ce hadda ta tsaya, ko ya dinga dukan ƙanwarsa in an kashe. Hukumar Lafiyar ta saka kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, amma ita da kanta ta ce kaɗan ne daga masu bugawa ke kaiwa can kuma sai abin ya ɗauki kamar shekara yana ɓata rayuwar mutum ake kiransa ciwo, don haka kar kuka ɗaya ya firgita ki. In kinga alamun sun taru a ɗauke ta wata guda, ai ta Abba ce.

Maganar Abbansa cewa in an saya zai zauna a gida, rabinta gaskiya ce. Abin da yake kai yaro shagon gem har da taron, ihu da gardama da wane ya ci wane, shi kaɗai a falo da na'ura bazai samu wannan ba, sati biyu zai gaji ya koma leƙe. Shi yasa na ce hannu biyu. Abbansa ya zauna su buga ƙwallo tare ko na minti ashirin ne ranar Juma'a, ya bari a ci shi wani lokacin, ke ma ki karɓa ki gwada tseren motar ba abin kunya bane. Kuma ki shirya, yaran layi zasu gano, sallama zata yi yawa a ƙofar gidanki. Ki zaɓi biyu ko uku da kika san iyayensu, sauran a basu haƙuri. Mai shagon bakin layi kuma Abbansa ya je da kansa cikin mutunci ya roƙe shi in ya ga yaron ya koro shi gida.

Hajiya kuwa kar ki kuskura ki zama ke ce mai kai mata labari, ɗanta ne ya yi alƙawarin shi zai je ya durƙusa ya yi bayani, ya gaya mata ranakun da aka yanke da cewa ba na harbi ba na jini a ciki. In gida ɗaya kuke ma ku bata makullin durowar ta riƙe, duk ranar gem sai yaron ya je ya gaishe ta ya biya mata inda haddarsa ta tsaya sannan ta miƙo.