Shokazobar gaban Hilux ɗina ta mutu: zan iya canza ta a gida, ko in haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Hilux ƙirar 2010, da ita nake ɗauko albasa da tattasai daga kasuwar Mile 12 ina kai wa masu shaguna a Agege da Ogba. Wata biyu ke nan gabanta yana lilo, in na faɗa rami sai ta yi ta tsalle kamar kwalekwale, kuma shokazobar dama duk ta jiƙe da mai. Na sayo sababbi guda biyu a Ladipo, to amma kuɗin aikin da aka yanka mini ya fi ƙarfina a yanzu. Ni nake canza birki da baƙin mai da kaina. Wani yaron gareji a layinmu ya ce ba sai na nemi abin matse sifirin ba, a ɗaure shi da igiyar kaya tun mota na ƙasa, sannan a kwance notin sama. Ɗana mai shekara 16 ne zai kama mini. Wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya da maganar igiyar nan. Me za ka ce?

Daga wani mai karatu a Agege

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya, kuma na gode wa Allah da ka tambaya kafin ka ɗauki sufana. Aikin yana yiwuwa a gida ga wanda ya iya canza birki, amma akwai mataki ɗaya a tsakiyarsa da ba na gida ba ne, shi ne wanda yaron nan ya ce a yi da igiya.

Motarka ba irin tsohuwar Hilux ba ce. Yawancin waɗanda aka ƙera kafin 2005 shokazobarsu ita kaɗai take tsaye, noti a sama, ƙusa a ƙasa, ka cire ka mayar. Daga 2005 aka koma cusa shokazobar a cikin sifirin mai murɗe, aka rufe su da hular ƙarfe a sama. Idan ka leƙa saman hular za ka ga noti huɗu: uku a gefe, ɗaya a tsakiya. Ukun nan na gefe su ne suka haɗa kayan da jikin mota, kwance su ba laifi. Na tsakiyar kuwa shi kaɗai yake riƙe da sifirin a matse. Kada hannunka ya je kansa. Ka samu fenti ko alli ka shafa masa alama tun kafin ka fara, ka nuna wa ɗanka, ka ce wannan ba namu ba ne.

Kusan kullum sai na yi wannan gardama da wani. Mutane sun ɗauka da zarar an ɗaga mota, taya ta bar ƙasa, sifirin ya huta, ƙarfinsa ya tafi. Ba haka ba ne. Tun daga masana'anta a matse aka sa shi, ko da kayan suna kwance a ƙasa babu mota a kansu, akwai ƙarfin ɗaruruwan kilo a ɗaure cikinsa yana neman hanya. Ka tuna aikin da aka yi shi dominsa: motar da ta doshi tan biyu, injin dizal ko na fetur a gabanta, shi ke ɗauke da ɓangare guda yana faɗawa ramukan hanyar Ikorodu da ita shekara da shekaru. Ka dubi kaurin ƙarfensa, ka dubi igiyar da kake ɗaure buhun albasa. Igiya tana miƙewa, ƙulli yana zamewa, jikin sifirin kuma zagayayye ne mai santsi, ga man da ya zubo ya shafe shi. Babu inda igiyar za ta kama. Kuma ba ta yin gargaɗi. Ba za ka ji ƙara ka ja da baya ba, abin ya fi ƙiftawar ido sauri.

Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Ina yaron gareji, a wani wurin da ba zan kira sunansa ba, aka ɗaure sifirin wata akori-kura da waya ninki huɗu, aka kwantar da shi a ƙasa, wani abokin koyon aikina ya taka da ƙafa ɗaya ya sunkuya yana kwance notin tsakiya. Saura zare biyu notin ya fita, sai muka ji kamar an harba bindiga. Hular ta doke shi a haɓa, notin ya huda kwanon rufin rumfar ya wuce, har yau ban san inda ya faɗa ba. Haƙora huɗu ya rasa, muƙamuƙinsa ya karye, ya yi makonni yana shan kunu da tsinke. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maigidanmu na lokacin cewa ya yi tsautsayi ne. Wane tsautsayi? Ganganci ne, kuma mu yara ne, abin da aka nuna mana muka yi.

In ka faɗi haka sai a ce maka, ai mun yi sau ɗari ba abin da ya faru. To, wanda ya tsallaka titin Oshodi a guje sau ɗari bai mutu ba, wannan bai mayar da titin tabarma ba. Wasu kuma dabararsu ita ce a kwance notin tsakiya mota na ƙasa, sai a riƙa ɗaga jak a hankali sifirin yana buɗewa. Wato an ɗora ran mutum a kan jak ɗaya da ƙasar Legas mai laushi a damina. Ko sun fitar da tsohuwar lafiya, ta yaya za su matse sifirin su zura sabuwar? A nan ne ake kawo rodi a danna, mutum biyu su hau, yatsu na tsakanin zoben ƙarfe. Raina yana ɓaci da masu koya wa yara wannan, domin ba su ne ke sunkuyawa a kai ba. Kai kuma ɗanka za ka sa a gurbin. Amana ce Allah ya ba ka, kuɗin aikin da kake son ragewa bai kai kuɗin ɗinki ɗaya a asibiti ba, balle ido.

Ko abin matse sifirin da ake sayarwa, irin mai sanda biyu da ƙugiya, ka yi hattara da shi. Yawancin masu arha don ƙananan motoci aka yi su, sifirin Corolla daban, na Hilux daban. Na ga sandar ta lanƙwashe kamar rake, na ga ƙugiyoyin sun zame sun haɗu gefe guda.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka cire kayan gaba ɗaya a gida, sifirin da shokazoba da hula a haɗe yadda suke. Ka sa su a bayan keke tare da sababbin, ka kai garejin da ke da injin matse sifirin na tsaye, wanda aka kafe a ƙasa ko a bango. Ka ce ka ga injin kafin ka miƙa kaya, in suka ɗauko wayar ɗauri ka kwashe kayanka ka yi gaba. Mintuna kaɗan ne aikin, kuɗinsa ɗan kaɗan ne daga abin da aka yanka maka. Ka ce su duba robar hula da ƙaramar robar da ke jikin sandar, in sun tsage a canza a lokacin. Ka sa alama ka san na dama da na hagu, kuma su daidaita hular da idon ƙasa, wato ramin da ƙusar ƙasa ke shiga, yadda tsohuwar take, in ba haka ba ƙusar ƙasa ba za ta shiga ba sai ka koma.

Cirewar ka san yawancinta. Tun ana gobe aikin, da dare, ka fesa wa ƙusoshin man sassauta tsatsa, domin damshin Legas da ruwan da muke kutsawa suna manne babbar ƙusar ƙasa da bushin, wato robar da ƙusar ke ratsawa. Wuri mai siminti, ja birkin hannu, sa katako a tayoyin baya. Motar ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi, ba jak kaɗai ba, ba bulo ba, bulo yana farfashewa lokaci guda. Ka kwance ɗan ƙarfen da ya haɗa da sitabilaiza, wato sandar da ke hana mota karkacewa, a ɓangarorin biyu, ka saki maƙalin tiyon birki da wayar ABS don kada su ja. In sai ka saki bol-joyin na sama, wato mahaɗin da ke riƙe kan taya, kafin kayan su fito, ka tallafe kan tayar da waya, musamman in motar mai gaba da baya ce, wato mai jan taya huɗu, domin shaf ɗin da ke juya tayar yana iya zarewa daga ciki.

Wajen mayarwa akwai kuskuren da ke kashe sabuwar shokazoba da wuri. Kada ka ƙarasa ɗaure ƙusar ƙasa taya na rataye. Ka kama ta kawai, ka sauke motar nauyinta ya zauna, sannan ka ɗaure ta tamau gwargwadon ma'aunin da littafin motar ya faɗa. In ka ɗaure a sama, bushin zai zauna a murɗe, wata kaɗan ya yage ka ce Ladipo sun cuce ka.

Ka yi daidai da ka sayi biyu. Kada kowa ya ce ka ajiye ɗaya tunda ta hagu ba ta zubar da mai, tare suka tsufa. Tsofaffin kuma kada ka ba masu huda su suna ɗura mai su toshe da walda su shafa baƙin fenti, irin waɗannan ne ke komawa kasuwa a matsayin tokumbo. Da ka gama, kafin ka ɗora buhu ko ɗaya, ka wuce wurin alaimen a daidaita tayoyi, sannan bayan kwana biyu ka sake bin notocin taya da sufana.