Tara Tsofaffin Sulalla: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun taru ne a kan tara tsofaffin kuɗin ƙarfe don sha'awa, da kuma aikin ƙananan ƙungiyoyin masu tara su. Na zaɓi huɗu daga ciki, kuma da yake ni ma na daɗe a cikin irin wannan ƙungiya, zan amsa da abin da na karanta da kuma abin da na gani da idona.

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan da mahaifina ya bari na tarar da wata babbar kwandala mai nauyi, gefe ɗaya da hoton wata mace, ɗaya gefen kuma gaggafa mai kai biyu da shekarar 1780. Ta yi baƙi-baƙi. Shin da gaske ta haura shekara ɗari biyu, kuma da me zan goge ta ta yi haske? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya jiƙan mahaifinki da rahama. Zan fara da tambayarki ta biyu domin ita ce ta gaggawa, kuma roƙona shi ne kada ki goge ta da komai, ko toka ce, ko lemun tsami, ko man goge haƙori. Baƙin da kike gani ba datti ba ne. Azurfa ce ta haɗu da burɓushin farar wuta da ke cikin iska tsawon shekaru, sai ta yi wata siririyar fata, kuma masu tara sulalla wannan fatar suke fara dubawa, domin ita ce shaidar cewa ba a taɓa kwandalar ba. Gogewa tana cire fatar tare da ɗan saman ƙarfen, ta bar ƙananan ƙarce waɗanda ido ba ya gani amma madubin ƙara girma yana nuna su sarai, kuma babu wani gyara da zai mayar da ita yadda take. Na san zafin wannan a jikina, domin lokacin ina sabon shiga na taɓa zama da tsumma na dirje wani kwabon tagulla da kakana ya ba ni har ya yi ja wur, ina murna. Da na kai shi taro, wani dattijo daga cikinmu ya juya shi a ƙarƙashin fitila, ya miƙo mini madubi, sai na ga ƙananan haruffan gefensa sun lafe, fuskarsa duk ta cika da zane kamar an bi ta da yashi. Har yau yana wurina, kuma shi nake nuna wa duk wanda ya zo da niyyar wanke nasa. Idan ƙasa ce ta manne wa kwandala, iyakar abin da za ki yi shi ne ki tsoma ta cikin tataccen ruwa, ki ɗora ta a kan ƙyalle mai laushi ta bushe, ba tare da cuɗawa ba.

Amma batun shekarunta, siffar da kika bayar ta dace da kuɗin azurfa na Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da wasu sassan Afirka sun amince da nauyinsa da azurfarsa har ba sa yarda a sauya masa kama, saboda haka aka ci gaba da buga shi bayan rasuwarta da shekarar 1780 ɗin nan ba canji, a Biyana, babban birnin Ostiriya, da Landan da Faris da Rum da Bombai da wasu biranen, har cikin ƙarni na ashirin da bayansa. Ke nan shekarar da ke jikinta ba ta isa ta nuna lokacin da aka buga ta ba, kuma mafi yawan waɗanda ke hannun mutane bugun baya ne. Ki auna ta a kan ƙaramin sikeli: ta gaskiya tana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, faɗinta kusan milimita 40, kashi 833 cikin dubu na jikinta azurfa ne, a bakinta kuma akwai rubutu da Latin mai ma'anar adalci da rangwame. Ko da bugun baya ce, ta cancanci ajiya, domin kuɗi ne da ya ratsa sahara da teku a jakunkunan fatake, kuma daga sunan irinsa, wato tala, aka samo kalmar dala.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina sha'awar tara sulalla amma ba ni da ƙarfin sayen masu tsada. Ta ina zan fara, kuma gaskiya ne cewa mafi tsufa shi ne mafi daraja? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Ɗana, ka fara da abin da ke kusa da kai: canjin da ke aljihunka, da gwangwanayen da iyaye suke jefa tsofaffin kuɗi a ciki, da ragowar da matafiya suke dawowa da ita. Sai dai ka zaɓi fanni guda ka tsaya a kansa, ko ƙasa ɗaya, ko zamanin sarki ɗaya, ko sulalla masu hoton dabbobi, ko masu huji a tsakiya, domin wanda ya ce zai tara komai yakan ƙare da tsibin ƙarfe wanda bai san kansa ba. Ka sami littafi ka riƙa rubuta ƙasa da shekara da nauyi da inda ka samo kowane ɗaya. Wannan littafin, bayan shekara goma, zai zama rabin darajar abin da ka tara.

Tsufa kaɗai ba ya sa daraja. Ƙananan kuɗin tagulla na daular Rum na zamanin Sarki Kustantin, waɗanda suka haura shekara 1,600, suna da yawa a duniya domin an buga su ba adadi kuma ana yawan tono su tuli-tuli, alhali wata kwandala ta ƙarnin da ya wuce tana iya zama da wuyar samu saboda kaɗan aka buga a shekararta. Abin da ake dubawa shi ne yawan da aka buga, da yawan da ya rage, da lafiyar jikinta, da yawan masu nemanta. A Amurka har sikeli suke da shi na auna lafiyar kwandala daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Ka kuma koyi neman ƙaramin harafin da ke nuna maƙerar da ta buga kuɗin, kamar D na Denba da S na San Faransisko a kuɗin Amurka, ko H na maƙerar Heaton ta birnin Bamingam, domin sulalla biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai saboda wannan harafi.

Ga misalin da nake so ƙwarai. Sarki Edward na takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936 ya sauka a Disambar shekarar, kafin a saki kuɗi mai hotonsa a ƙasarsa. Amma a Afirka ta Yamma da Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini an riga an fitar da sulalla masu huji ɗauke da sunansa, tunda hujin ya sa ba a buƙatar hoto. Ba su da wuyar samu, ɗalibi ma zai iya mallakar ɗaya, ga shi kuwa labarin sarautar da ba ta cika shekara ba yana rubuce a jikinsu.

Wajen ajiya kuma, ka riƙa kama kwandala ta bakinta kawai, domin gumin yatsa yana barin tabo. Ka ba kowace nata ɗan ambulan na takarda, ka nisantar da su daga laima, ka guji leda mai laushi irin ta PVC, wadda takan bar wani koren danƙo da ke cin ƙarfe.

Tambaya: Mu biyar ne a unguwarmu masu wannan sha'awa, muna so mu kafa ƙungiya. Me irin waɗannan ƙungiyoyi suke yi idan sun haɗu, kuma me za mu kiyaye? (Daga wani malamin makaranta)

Amsa: Malam, mutum biyar sun isa, kuma na yi murna da wannan tambaya fiye da sauran. Manyan ƙungiyoyin wannan fanni sun daɗe: ta Landan an kafa ta a 1836, ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka kuma a 1891. Amma a ganina ainihin koyon yana faruwa ne a kan ƙaramin tebur, inda kwandala take zagayawa daga hannu zuwa hannu, domin nauyin azurfa a tafin hannu da bambancin tsohuwar fata da ta ƙarya abubuwa ne da hoto ba ya koyarwa.

Abin da muke yi a tamu ƙungiyar shi ne haɗuwa sau ɗaya a wata, a rana tsayayya wadda ba a ɗaga ta sai da babban dalili. Akan shimfiɗa ƙyalle mai kauri a kan tebur don kada wani abu ya faɗi ya lotsa, a ajiye fitila da madubi da sikeli da maganaɗisu, waɗanda muka saya da kuɗin gudummawa tare da kundin sulalla na duniya, tunda kayan sun yi wa mutum ɗaya nauyi. Kowane taro mutum ɗaya zai yi bayani na kamar minti goma sha biyar a kan kwandala guda, ko da kuwa sabon shiga ne, sannan a fito da waɗanda masu su suka kasa ganewa a taru a kansu. Wannan sashe shi ne mafi armashi. Na tuna ranar da wani yaro ya zo da ƙaramar kwandala mai rubutun Larabci, a ƙasanta lamba 1293, a samanta kuma 15. Shi ya ɗauka shekararta ke nan ta Miladiyya, har jikinsa yana rawa. Wani daga cikinmu ya nuna masa tambarin nan mai lauje-lauje na sarakunan daular Usmaniyya, ya bayyana masa cewa 1293 shekarar Hijira ce da Sultan Abdulhamid na biyu ya hau mulki, wato 1876, ita kuma 15 shekarar mulkinsa ce ta goma sha biyar, sai a haɗa su a cire ɗaya a sami 1307, wato shekarar Hijira da aka buga ta. Yaron ya koma gida ya lissafa sauran nasa guda uku da kansa, kuma tun daga ranar bai fasa taro ba.

Bayan haka akan yi musaya, wanda yake da biyu iri ɗaya ya ba da ɗaya ya karɓi abin da ba shi da shi, wani lokaci kuma a yi ɗan gwanjo tsakanin 'yan ƙungiya a saka wani kaso cikin asusu. Tunda kai malami ne, ina ba ku shawarar baje koli a makaranta ko ɗakin karatu sau ɗaya a shekara. Yaran da suka ji cewa an fara buga kuɗin ƙarfe a ƙasar Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, fiye da shekara 2,500 da suka wuce, ko cewa Halifa Abdulmalik bin Marwan ya fitar da dinari mai rubutu zalla ba hoto a shekara ta 77 bayan Hijira, sun fi riƙe darasin idan akwai ƙarfe a gabansu.

Abubuwan kiyayewa kuwa, babbansu shi ne kada ciniki ya cinye taron. Na ga ƙungiyar da ta watse domin an daina bayani an koma taya da sallamawa, masu ƙaramin ƙarfi suka ji kunya suka janye. Ku sanya ciniki a ƙarshen zama, ku rubuta ƙa'ida cewa duk wanda ya sayar da abin da aka gano jabu ne zai mayar da kuɗi, kuma a hana babba ya yi wa yaro wayo a musaya. Ku naɗa ma'aji da magatakarda tun ranar farko, ko da abin da ke asusun bai taka kara ya karya ba. Sannan ku riƙe sirrin juna, kada a riƙa yaɗa wanda yake da zinariya ko azurfa a gidansa.

Tambaya: Wani ya kawo mini tsofaffin sulalla ya ce tono su aka yi. Yaya zan gane na jabu, kuma ya halatta in saya? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Malam, ka fara da nauyi da faɗi, ka gwada su da abin da kundi ya faɗa, domin mai jabu yakan dace da hoto ya kuskure nauyi. Zinariya da azurfa da tagulla ba sa bin maganaɗisu, saboda haka duk kwandalar da aka ce ta azurfa ce ta manne masa, magana ta ƙare, ko da yake wasu kuɗin gaskiya na zamani suna mannewa, kamar kwabon Birtaniya da aka koma yi da baƙin ƙarfe mai rufin tagulla tun 1992. Ka duba bakinta ko akwai layin haɗi, da fuskarta ko akwai ƙananan ramuka, domin alamun zubi ne, alhali yawancin kuɗin gaskiya bugawa ake yi.

Batun tono ya fi wannan nauyi. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar abin tarihi da ke cikin ƙasa a matsayin dukiyar al'umma, akwai kuma yarjejeniyar hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta 1970 da ke yaƙi da fataucinsa ta ɓarauniyar hanya, a Ingila ma dokar 1996 ta wajabta wa wanda ya tono taska ya kai rahoto cikin kwana 14. Dalilin shi ne tulin kuɗi da aka samu a wuri ɗaya yana nuna wa masana lokacin da aka binne shi da hanyar cinikin da ya biyo, da zarar an warwatsa shi kuwa wannan ilmi ya salwanta. Ka tambayi mutumin inda aka tono su da wanda ya tono, idan ya yi ta kwana-kwana ka bar masa kayansa, idan kuma ya faɗi gaskiya ka ba shi shawara ya kai su gidan tarihi mafi kusa a duba su tun ba a raba su ba.