Kifin soso da gadon Sarkawa

Ɗana Sani, na samu saƙonka, har ƙanenka ya nuna mini hoton ɗan kifin nan da ka ƙera da soso ka yi masa fenti don ka riƙa fatsa da shi. Ka ce wasu dattawa a bakin ruwan Yawuri sun ce maka wannan ba su ba ne, yaudara ce, kuma ɗan Sarkawa ba ya kama kifi da abin wasan yara. Kana so ka ji ko ka taka al'ada.

Ba ka taka ba. Wanda ya ce maka yaudara ce, tambaye shi me tana take yi a bakin ƙugiya. Mun sa tana, mun sa gara, mun sa 'yan ƙananan kifi, har sabulu muna yankawa mu maƙala don tarwaɗa. Mamari ma ko abinci ba a sa masa, ƙugiyoyi ne tsirara a jere, kifi ya gifta su sarƙe shi. Fatsa tun asalinta dabara ce tsakanin mutum da kifi, kuma kakanninka ba su taɓa jin kunyar dabara ba.

Shi kansa soson ba yau ya shiga ruwanmu ba. Ina yaro, abin da ke ɗaga saman taru 'yan goruna ne da ɓargon tukurwa, zaren kuma da hannu ake murza shi. Da zaren roba ya zo, kowa ya karɓa. Da silifa ta cika gari, sai muka koma yanka tsofaffinta muna jerawa a igiyar kalli, don ba ta shan ruwa kuma ba ta fashewa kamar gora. Mahaifinka da hannunsa ya yanka silifa, ban ji wanda ya ce ya bar gado ba.

Inda al'ada take da haƙori, a kan ruwan ne kansa. Ba ka shiga ruwan mutane sai ka gaida Sarkin Ruwa ka nemi izini. Gurbin da aka rufe, rufaffe ne har a yi fashin ruwa. Ba a zuba guba. Na ga shekarun da wasu marasa tsoron Allah suka riƙa zuba maganin ƙwarin nan Gamalin, kifi ya taso fari fat, babba da ɗan tsako, gurbi ya mutu shekara da shekaru, mutane kuma suka ci ciwo. Wannan shi ne cin amanar gado, shi da gidan sauro da ake jan ruwa da shi ana kwashe 'ya'yan kifi. Ɗan sosonka kifi ɗaya yake ɗauka, kuma babba, don ƙaramin kifi ba ya iya kai masa cafka.

Wuri ɗaya zan hana ka kai shi, kogin Matan Fada na Argungu ranar bikin kamun kifi. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka yi masa su don karramawa, abin da ake shiga ruwan nan da shi homa ce da gora, sai ƙarfin hannu da numfashi. Hukumar UNESCO ma ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016. Can kam ko ƙugiya ba ta da gurbi, balle soso.

To, tunda ka sa hannu a aikin, yi shi da kyau. Na daɗe ina duban hoton. Farin soson nan da ake ƙunshe firji da shi, fentin mai yana narkar da shi, kana shafawa zai lotsa. Ka fara rufe shi da gam mai tauri irin Araldite, ya bushe sarai, sannan ka yi fenti, ka sake rufewa. In kuwa kumfar gwangwani kake fesawa cikin mazubi, ka shafe mazubin da basilin tukuna, in ba haka ba ba za ta fito ba sai da yaga. Kada ka soka ƙugiya a jikin soso kawai. Ka ratsa waya mai ƙarfi daga baki har wutsiya, ka lanƙwasa zobe a kowane gefe, don ranar da giwan ruwa ya ɗauka, soso ba zai riƙe shi ba, wayar ce za ta riƙe. Tsage ma haka, haƙoransa na tsinke zare kamar reza, saboda haka ka sa guntun waya tsakanin zaren da kifin naka.

Naka na ga kamar zai kwanta a gefe. Ka binne 'yar darma a cikinsa, can ƙasa wajen ciki, ka gwada a baho har ya tsaya daidai, bayansa kaɗai a waje. Fenti kuma ka rage ado. Kifin da ke farauta daga ƙasa yake kallo, cikin yake gani. Farin ciki, baya mai duhu, ido babba, kamar shani ko 'yar karfasa, ya wadatar. Abin da ya fi launi shi ne tafiyarsa: ka ja, ka tsaya, ka sake ja, kamar kifin da ya ji rauni. Kuma kada ka ɓata lokacinka kan tarwaɗa da kurungu, su da hanci suke kiwo a ƙasan ruwa. Wannan na kifaye mafarauta ne, da sanyin safiya ko gab da magariba, kusa da duwatsu da kututturan da ruwan Kainji ya shanye.

Gutsattsarin soson da ka fere, ka tattara su ka bar su a tudu. Gora in ta fashe ruɓewa take yi, soso kuwa sai ya fi ka daɗewa a ruwa, kifi na haɗiya.

Dattawan da suka yi maka magana, kada ka ja da su a bainar jama'a. Ranar da ka kama na farko mai girma, ka kai wa babbansu kan kifin, ka zauna ka nuna masa yadda ka ƙera. In za ka zo Sallah ka riƙo mini biyu, ɗaya mai darma ɗaya babu, mu fita da asuba in ga tafiyarsu da idona. Ka gaida mahaifiyarka da iyalinka.