Cibiyar jariri: kada a sa mata man goge baki

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki bi shawarar kakar yaro ki shafa wa cibiyarsa man goge baki, a kuma gasa ta da tsumma. A'a, kada ki yi ko ɗaya. Ki wanke hannu da sabulu, ki riƙa shafa mata maganin cibiya na asibiti, kuloheksidin, sau ɗaya kullum har kwana 7.

Amma ki kula, kada ya kusanci idonsa, yana iya makantarwa. Da na haihu a asibitin Murtala, ungozoma ta ja mini kunne sosai a kan wannan. In kika ga gindin cibiyar ya yi ja, ko tana wari da mugunya, ko yaron ya ƙi kama nono, ku tafi asibitin yara na Hasiya Bayero da ke Kano a ranar, kada ku jira suna.