Kafin ki sayo wa Baba ƙwayar ginkgo

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma kwanan nan mantuwa ta yi masa yawa, sai ya tambayi abu ɗaya sau uku a zama guda. Wani mai kemis ya ce in saya masa ƙwayar ginkgo, wai tana gyara ƙwaƙwalwa. Baba yana shan aspirin kullum bisa umarnin likita. In saya? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ki saya tukuna, kuma aspirin ɗin nan ne babban dalilina. Ginkgo bishiya ce 'yar asalin ƙasar Sin, ganyenta na ɗauke da sinadaran ginkgolide masu iya rage daskarewar jini. Idan suka haɗu da aspirin ko warfarin, magungunan da su ma ke rage daskarewar jini, ana fargabar zubar jini, abin da ba a wasa da shi a jikin dattijo. Mai farfaɗiya da mai shirin tiyata su ma su yi nesa da ita.

Batun aikinta kuwa, an gwada ta sosai. A Amurka an bi tsofaffi sama da 3,000 na kusan shekara shida, rabinsu suna shan miligiram 120 sau biyu a rana. Sakamakon ya fito a 2008: ba ta hana ciwon mantuwa ba. Faransa ta yi irin wannan gwaji, a 2012 amsar ba ta canza ba. Inda aka ga ɗan sauƙi shi ne wajen wasu da ciwon ya riga ya kama, kuma da tataccen nau'in EGb 761 na Jamus aka yi, ba kowace roba mai hoton ganye ba. Lambar NAFDAC a jikin kwali ba shaida ba ce cewa maganin yana warkarwa.

Ni dai da kuɗin nan asibiti zan kai Baba. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon suga, hawan jini, har ma raunin ji, duk suna iya sa dattijo ya riƙa mantuwa, kuma da yawansu suna da magani. Ki zuba duk magungunansa a leda ki tafi da su, likita ya gani da idonsa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, jarrabawa ta matso. Ƙwayar ginkgo za ta taimaka min wajen hadda?

Amsa: A'a, ƙanena. An gwada ta a kan masu lafiya, ba a ga ta ƙara musu riƙe karatu ba. Ka samu isasshen barci, ka riƙa maimaita karatun kwana-kwana maimakon ka tara shi sai daren jarrabawa.